Harafi ɗaya a wasiƙar Holan

Shekarun baya masu nisa, wajen tsakiyar shekarun sittin, ina saurayi ɗan shekara ashirin a Makka, na taɓa zama ɗalibin harshen mutanen Holan. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya yi dariya, kuma ba na ganin laifinsa. Ɗan ga-ruwa ne ni a lokacin, garwa biyu a sanda, ina hawa da sauka tsakanin unguwannin Hindawiyya da Tandabawi tun daga safe har la'asar. Ban taɓa ganin mutumin Holan ko ɗaya ba, kuma har yau da nake ba ku labarin nan ban taka ƙasarsu ba.

Mu biyu ne a gida, ni da mahaifiyata. Ta Sudan iyayenmu suka biyo da mu, mahaifina ya rasu shekara biyu da isowarmu. Yayana, wanda shi ne mai surutun gidan da tsokana, ya samu aiki a wani jirgin ruwa a Jidda, ya ce zai bi. Mahaifiyata ta ce ba ta yarda ba. Ya lallaɓa, ya turo dattawan unguwa, ta ce a'a. Ranar da ya ɗaure kayansa ya durƙusa a bakin ƙofa zai yi sallama, ta juya masa baya ta ce, "Tafi, amma ka sani ban yafe ba." Ya tafi ɗin.

Daga nan gidanmu ya yi tsit. Ita tana suyar gyaɗar da take sayarwa a ƙofar gida, ni ina fita da garwata, in dawo mu ci abinci ba mai ce wa wani komai sai "sannu". Abokai ma ba ni da su sosai. Samarin da aka haifa a nan Larabcinsu gudu yake yi, suna yi wa nawa dariya, baƙin da ke zuwa daga gida kuma kallon Balarabe suke yi mini. Na fi sabawa da matakalar gidajen mutane fiye da mutanen da ke ciki.

Yayana yakan rubuto da ajami kamar sau biyu a shekara. Jirgi ya kai shi wani gari na bakin teku a Holan, ya sauka ya kama aikin dako a tashar jiragen ruwa, yana haya a ɗaki ɗaya a gidan wata tsohuwa. Ina karantawa, mahaifiyata tana ɓarar gyaɗa kamar ba ta ji, alhali hannunta ya tsaya cak. Kowace wasiƙa da magana ɗaya take ƙarewa, "A roƙa mini Inna gafara." Da na kai wurin sai ta miƙe ta ce wutarta za ta mutu. Ni nake ba shi amsa, in cika takarda da labarin unguwa, abin da yake jira kuwa ba ya ciki. Haka muka yi shekara biyar, a ta shida wasiƙa ta ɗauke.

Wata rana mai kantin da ake ajiye mana wasiƙu ya miƙo mini ambulan. Adireshin da Larabci ne, amma kana gani ka san wanda ya yi shi zana shi ya yi, bai san abin da yake rubutawa ba. A ciki layi huɗu ne kacal da baƙaƙen boko, ba hannun yayana ba. Na ɗan san baƙaƙen, don na yi shekara biyu a makaranta a Sudan, amma ko kalma ɗaya ban gane ba. Na kai wa wani akawu mai Turanci, ya juya takardar ya ce wannan ba Turanci ba ne.

Cikin gidajen da nake kai wa ruwa a Tandabawi akwai na wani tsoho mutumin Jawa. Ya zo aikin hajji da daɗewa bai koma ba, matarsa ta rasu, ba shi da ɗa, yanar ido kuma ta rufe masa gani. Kullum yana zaune a kan tabarma kusa da randa yana jan carbi, in juye ruwa ya ce "Allah ya ba ka lafiya", in fita. Mai kantin ne ya ce mini mutanen Holan sun daɗe suna mulkin ƙasar Jawa, in gwada tsohon.

Na gaya masa abin da ke tafe da ni da Larabcina mai ɗingishi. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, shekara ashirin na yi musu aikin akawu. Ban so su ba ko na rana ɗaya, amma har yau in na yi tuntuɓe da harshensu nake zagin dutsen. Sai dai ni ba ido. Karanta in ji."

Na gyara murya na karanta yadda aka koya mini a Sudan. Tsohon ya yi dariya har da tari. "Wannan ba harshen kowa ba ne," in ji shi. "Zauna. Ni ina da ma'ana, kai kana da ido. Sai ka koyi faɗa tukuna."

Kwana uku muka yi a kan faɗa kawai. In na gama kai ruwa sai in jingine sandata in zauna. Ya koya mini cewa in o da e suka haɗu, u ake cewa. Harafin j a wurinsu y ne. In i da j suka jeru, sai ka ce wani abu kusa da "ai". Harafin g kuwa daga maƙogwaro yake fitowa, kamar kha ta Larabci, wannan na cafke shi nan take, har tsohon ya ce na fi shi. Wasalin da aka ninka ja ake yi: man namiji ne, maan kuma watan sama. Wannan ma bai ba ni wuya ba, don duk Bahaushe ya san bambancin garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi. Kaina ya kumbura, na ce ashe harshen Nasara ba wani abu ba ne.

A rana ta uku na karanta masa takardar a hankali, yana fassarawa layi layi. Tsohuwar da yayana ke haya a gidanta ce ta rubuto. Layi na farko ta faɗi ko ita wace ce. Na biyu na karanta shi haka: "Uw zoon heeft veel fain."

"Me?"

"Fain."

Ya ɗan karkata kai. "Fijn ke nan. Daɗi, lafiya lau. Ka haɗiye wata kalma a tsakiya ko ita ta manta, amma ma'ana ta fito. Ɗanki yana cikin jin daɗi ƙwarai." Sauran layi biyun suka ce kullum yana maganarki, don Allah ki rubuto masa.

Da gudu na koma gida, na yi zaton albishir na kawo. Mahaifiyata ta saurara har ƙarshe, ta ci gaba da juya gyaɗa a kasko. "To, madalla," in ji ta. "Daɗin ya kai har ya yi sakatariya. Hannunsa ya fi ƙarfin ajami yanzu, sai Nasara ta rubuto mini. In yana son amsa ya rubuto da kansa. Kai ma kada in ji ka amsa." Ban amsa ba. Gaskiya ni ma na ji haushinsa, shekara guda muna zullumi ashe shi yana can yana hutawa.

Da an bi ta aiki, da karatuna ya ƙare a nan. Amma washegari da na juye ruwa zan fita, tsohon ya ce, "Ina za ka? Ba mu taɓa de da het ba." Na ga ya riga ya shimfiɗa tabarma ta biyu, ya sa an dafa shayi. Shi ba shi da wanda zai yi wa magana, ni ma ba wanda ke jirana da hira, sai na zauna.

Nan na gane harshen nan ba kanwar lasa ba ne. Kowane suna yana da ɗan rakiyarsa a gaba, ko de ko het, kuma ba dalili, haddacewa ake yi. Na ce ai mu ma muna da namiji da mace. Ya ce to yarinya a wurinsu het ce, ba ta cikin maza ba ta cikin mata. Na ce Allah ya shirye su. Ya koya mini cewa aikatau yana zama na biyu a jimla, amma da ka ce "saboda" sai ya tsere can ƙarshe, sai ka yi haƙuri mutum ya gama magana kafin ka san abin da ya yi. Ya koya mini u na girmamawa da jij na tsara, ya ce in kuskura na ce masa jij zai jefe ni da butar alwala. Akwai wani sauti da ake rubutawa ui, wanda har muka rabu ban iya ba, in na faɗa sai ya ce kamar an taka wa akuya ƙafa.

Ina tafe da garwa ina maimaitawa, ik ben, jij bent, hij is, wato ina, kana, yana, mutane suna kauce mini a lungu. Ban damu ba. A duk faɗin garin nan mai cike da harsuna, mu biyu ne kaɗai na sani muke wannan, kuma sa'ar nan ta bayan la'asar ita ce kaɗai lokacin da wani ke sauraron abin da zai fito daga bakina.

Mako bakwai da zuwan takardar, na iske shi yana matsa gwiwarsa. Na tambaye shi da Holancina na ɗan koyo yaya jiki. Ya ce, "Pijn. Veel pijn."

Na yi dariya na ce, "Ya ammi, kana yamutsa fuska kana cewa daɗi?"

"Wa ya ce daɗi? Na ce pijn. Ciwo."

"Ai shi ne fain."

Ya saki gwiwar. "Sake faɗa. Ciwo."

"Fain."

"Daɗi."

"Fain."

Sai ya kamo hannuna ya kai tafin kusa da bakinsa. Ya faɗi ta farko, na ji leɓɓansa sun haɗe sun fashe, iska ta bugi hannuna. Ya faɗi ta biyu, iskar ta zo a hankali ta tsakanin haƙori da leɓe. Ni duk rayuwata abu ɗaya ne a wurina. Hausa ba ta raba su ba, Larabcin da na koya ma ba shi da na farkon. A makarantar Sudan an nuna mini su a allo, na haddace surarsu, amma bakina sautin fa ɗaya yake ba su duka.

Da ɗan yatsa ya zana mini a tafin hannu. "Wannan mai ciki a sama da jela a ƙasa, shi ne na ciwo. Wannan dogo mai ƙugiya da ɗamara, shi ne na daɗi. A takardar yayanka wanne ne?"

Takardar tana aljihuna, kullum da ita nake yawo. Na buɗe. Ban ma buƙaci dubawa sosai ba, jelar tana nan ta sauko ƙasan layi.

Na ce, "Mai jela ne."

Ya ce, "Ɗanki yana cikin ciwo mai tsanani. Kullum yana maganarki. Don Allah ki rubuto masa." Ya shafa fuskarsa. "Jimlar ba ta zauna mini daidai ba tun ranar, na ji ta gurgunce. Da na sa ka faɗa mini harafi harafi. Na so ta zama labari mai daɗi ne, shi ya sa ban matsa ba."

Ban san yadda na sauko daga Tandabawi ba, har sandata na bari a can. Na iske mahaifiyata tana ƙulla gyaɗa. Ban iya ce mata bakina ne ya jawo ba. Cewa na yi, "Inna, mun sake duba takardar nan. Ashe ba shi da lafiya. Ciwon ne ya hana shi rubutu."

Ta ajiye abin da ke hannunta. Ba ta tambaye ni yadda aka yi daɗi ya koma ciwo ba. Ta ce, "Ɗauko takarda."

Na rubuta da ajami yadda ta faɗa. Amma da na koma wurin tsohon don ya taimaka mini da 'yan layukan da za mu yi wa matar, ya ce, "Wanda ya kasa riƙe alƙalami, wa ya ce maka zai iya karatu? Bari mu juya maganar zuwa Holanci, matar ta karanta masa." Na kai wa mahaifiyata wannan shawara ta ƙi. "Da Hausa na ce ban yafe ba," in ji ta, "da Hausa zan warware. Ba na son a juya mini magana."

A hanya dabara ta zo mini. Tunda na san yadda suke faɗin baƙaƙensu, me zai hana in rubuta Hausar da irin rubutunsu? Matar ba sai ta gane ba, ta dai faɗa, shi zai ji. Inda muke sa y na sa j, inda muke sa u na sa o da e, inda ake ja na ninka wasali. Ga abin da ya fito: Naa jaafee makka, doenieja da laahiera.

Sai gwaji. Tsohon ba ya jin Hausa ko kaɗan, don haka shi ya zama ma'auninmu. In faɗa masa harafi harafi, shi kuma ya haɗa ya faɗa yadda mutumin Holan zai faɗa. Mahaifiyata, wadda ba ta shiga gidan kowa, ta yafa mayafi ta biyo ni, ta tsaya daga bakin ƙofa. Tsohon ya ɗaga kai sama ya ce, "Naa jaafee makka."

"Bai yi ba," in ji ta daga waje. "Ce masa kada ya tsaya a tsakiya. A tashi ɗaya ake faɗa."

Ya sake. Ta ce ya sake. Bayan karo na huɗu na leƙa na ga ta zauna a kan matakala ta rufe fuska da mayafi. Shekara shida maganar nan tana maƙale a wuyanta, sai ga ta tana fitowa daga bakin wani makaho mutumin Jawa wanda bai san me yake cewa ba.

Na kai wasiƙar gidan waya da kaina. Daga nan sai jira. Kullum in bi ta wurin mai kanti, ya girgiza kai tun daga nesa. Karatu ma ya daina shiga, mukan zauna ne kawai ni da tsohon mu sha shayi.

Bayan mako biyar amsa ta zo, shafi guda cike. Wannan karon duk kalmar da na yi shakka sai na faɗa masa harafi harafi. Matar ta ce wasiƙarmu ta same shi da rai, amma idonsa ya riga ya daina ganin rubutu. Ta karanta masa layin nan, ya yi dariyar yadda take faɗa, sannan ya yi kuka. Kowace safiya sai ya sa ta sake karantawa. Safiya huɗu ta karanta. Sai na kai wani wuri da ya fara da hij is, na ji sanyi a raina, don na san ma'anarsa "yana". Na karanta kalmar da ta biyo, overleden. Tsohon ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ashe da wannan "yana" ɗin suke cewa mutum ya rasu. Ta ce abokan aikinsa Musulmi sun yi masa sutura.

A can ƙasa akwai wani layi shi kaɗai. Na karanta a hankali, tsohon ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Wannan ba Holanci ba ne, ya waladi." Sai a karo na uku kunnena ya ji abin da bakina ke faɗa. Matar ta yi irin dabararmu, ta rubuta abin da ya ce yadda ta ji shi.

Na je gida na faɗa wa mahaifiyata rasuwar. Ta yi salati. Sannan na ce ya bar mata saƙo, na karanta: Inna, naa djie. Naa goodee.

"Inna, na ji. Na gode," ta maimaita. Ta karɓi takardar ta riƙe, ita da ba ta san ko harafi ɗaya a ciki ba.

Tsohon ya rasu bayan shekara biyu, kuma tun daga ranar ban sake yin Holanci da kowa ba. Yawancinsa ya zube, sai 'yan kalmomi da ke taso mini in ina zaune ni kaɗai. Abin da ya zauna shi ne tsoron gaggawar fahimta. In mutum ya kawo mini magana, ko da Hausa ce, nakan ce ya sake faɗa, musamman in maganar ta yi mini daɗi. Jikokina suna cewa kunnena ne ya yi nauyi, na bar su a haka.

Mako bakwai ɗin nan kuwa sun daɗe suna cina. Ina lissafa safiyar da zai yi yana jin muryar gida da na karanta daidai tun farko, wataƙila har ya samu ƙarfin ba da amsa mai tsawo. Na kai shekara ina ɓoye wa mahaifiyata. Wata rana da hantsi muna ɓarar gyaɗa na kasa riƙewa, na ce, "Inna, takardar nan ta farko, ba matar ce ta yi kuskure ba, ba tsohon ba ne kuma. Ni ne. Harafi ɗaya na faɗa ba daidai ba, na sa ya yi mako bakwai yana jira."

Ba ta ɗago ba. Ta ɓare ƙwaya biyu ko uku, ta zuba a faranti.

"Na sani tun ranar, a fuskarka na gani," in ji ta. "Kai mako bakwai ka sa shi jira, kuma ba ka sani ba. Ni shekara shida, ina sane."